BILLEN DA LIKITA YA GOGE

Shafi na 23

Assalamu alaikum mutanen arziki. Masu bi na har akwatin saƙo kuna cewa ba ni da imani, na ji na gode. Wata ma cewa ta yi in na sake sa Halliru kuka ta bar karatu ke nan. 'Yar uwa, nemo tsummanki ki ajiye kusa, don ni ma ba da dariya na rubuta na yau ba.

*

A zauren gidan ubansa aka sauke shi.

Zauren da shi da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar yaɓensa kafin ya tafi soja. Yau an shimfiɗa masa sabuwar tabarma, an ajiye masa buta, an kawo tuwo a kwanon baƙi da faifai a kai. Karramawa iya karramawa. Ita ce kuwa take cin ransa, don ba a yi wa ɗan gida haka.

Tun ranar kasuwar Roni da ya sauko daga kan akori-kura ya tako ƙauyen nan, ba wanda ya kira shi da sunansa. Malam baƙo, haka kowa yake cewa. A wurinsu Halliru ya mutu tun lokacin yaƙin basasa. Sojoji sun kawo akwatin kayansa, an yi zaman makoki, an yi sadakar arba'in, an shafa. Sai ga shi yanzu a shekarar ƙarin albashin Udoji wani mai santsin fuska ya yi sallama ya ce shi ne.

Ya zaro ɗan madubi daga aljihu ya duba.

Fuska ce dai mai kyau, ba laifi. Sumul, har da ɗan sheƙi. Shi kansa sai ya daɗe yana kallo kafin ya yarda tasa ce.

Wutar fetur ce ta ci ta ainihin, ranar da motarsu ta kama a bakin daga. An tsince shi ba riga ba lamba, ya yi watanni bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, gefen dama na fuskarsa ya tattare kamar ganda. Yara a Ikko in sun gan shi da gudu suke watsewa. A nan ya rantse ba zai kai wa Inna wannan fuskar ba, ba kuma zai kai wa Mairo ba, amaryar da ya bari ko lallen hannunta bai gama fita ba. Ya naɗe kansa da rawani ya kama gadi, ya yi shekaru ba ya gaisawa da kowa sai ƙofar da yake buɗewa.

Maigidan da yake yi wa gadin, Likita Silvanus, ya dawo daga ƙasar Turawa da injin goge fata. Kuɗin mai sun shigo gari, layi ake yi a wurinsa. Matan manya masu tabon agana, da 'yan boko waɗanda tsagar gidansu ta fara ba su kunya a ofis. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Halliru ya kwance rawanin ya gani.

Aka yanko fata daga cinyarsa aka liƙa. Aka jira ta kama. Sannan allurar kashe wuri, sannan injin, ɗan dutse ne a bakinsa yana juyawa yana cin fata a hankali. Fuska ta yi jajir ta kumbura, a naɗe da bandeji, ɓawo ya fito ya zube, a hana shi shiga rana. Ta warke, a sake komawa. Azaba dai ya sha ta, amma duk sanda ya ji kamar ya ce a bari, sai ya tuna ranar da zai yi sallama a ƙofar gida Inna ta ɗago ta kalle shi ba ta kau da kai ba.

Ranar zama na ƙarshe likitan ya taɓa kumatunsa na hagu, inda wuta ba ta kai ba. Billensu na gado yana nan, tsaga ɗaya a karkace, wadda wanzami ya yi masa ranar suna.

"Wannan fa, maigadi? Dama ya yi sumul, hagu yana da zane. In goge su zama ɗaya?"

Likitan alheri yake nufi, mutane roƙonsa suke ya yi musu haka.

Halliru bai ko yi tunani ba ya ce, "Goge, likita."

Wayyo Halliru. Fuska ya gyara don ido, bai san idon da yake yi wa wahalar ya daɗe da rufewa ba. Inna Dela ta makance bayan tafiyarsa. Yanzu da hannu take gane mutane, ta shafa kumatu ta ji tsaga ta faɗa maka gidanku.

"Ba ka ci ba."

Ya yi sauri ya mayar da madubin. Goggo Tasalla ce, yayar mahaifinsa. Ita ta ɗauke shi tun daga yaye, kamar yadda ake yi wa ɗan fari, a ɗakinta ya girma.

"Na ƙoshi, Goggo."

Ta ɗan zabura da jin yadda ya ja Goggon. Ta tsuguna nesa da shi tana kallon ƙasa.

"Muryar tasa ce. Tafiyar ma tasa ce, shi ma haka yake jan ƙafar hagu in ya gaji. In na rufe ido sai in ji kamar in rungume ka. In na buɗe sai in ga wani mutum daban."

"Ni ne, Goggo."

"In kai ne ka yafe mini. In kuma ba kai ba ne, Allah ya isa tsakanina da kai."



"Goggo, ina Mairo? Duk wanda na tambaya sai ya kama wani zancen. Ta rasu ne?"

"Tana nan da ranta."

"A wane gari?"

"Ka ci tuwon nan kafin ya sandare."

Kafin ya sake magana inuwa ta rufe ƙofar. Sama'ilu ne, ƙaninsa. Ya bar shi ɗan saurayi mai tsoron kama akuya, yanzu ya zama magidanci har da gemu. Tun zuwan Halliru bai taɓa yarda sun haɗa ido ba.

"Malam, Inna ta idar da azahar. Ka ji dai abin da Dagaci ya yanke. Maganar uwa ita ce magana. In ta ce kai ne, shi ke nan. In ta ce a'a, gobe da safe ka kama hanyar Kazaure."

"Sama'ilu, ni kake ce wa Malam?"

"Mu je, tana jira."

Suka ratsa tsakar gida, Goggo tana biye da su. Turmin nan mai tsagaggen baki yana nan inda ya san shi. Rumbu ya ƙaru ɗaya. Ɗakinsa na aure an yi masa sabon yaɓe, an rataya labule mai ruwan ganye. Yana wucewa labulen ya motsa, sannan ya tsaya cak.

Ya yi sallama a ƙofar Inna.

Ta amsa daga ciki.

Tana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Ta ƙanƙance, wuyanta ya zama siriri, idanun a buɗe amma sun yi fari. Halliru ya zube a gabanta. Duk maganar da ya tanada tun daga Ikko ta gudu.

"Inna, barka da rana."

"Barka kadai, baƙo. Matso."

Ya matsa.

Ta ajiye carbin ta ɗago hannu biyu. Yatsun suka sauka a goshinsa, masu sanyi, masu kaushi. Rabonsa da hannun mutum a fuskarsa wanda ba na likita ba har ya manta. Ya runtse ido.

Ta bi gira. Ta bi karan hanci. Ta gangara dama ta ji inda aka liƙa fata, hannun ya ɗan tsaya. Sannan ta koma hagu.

Ta shafa.

Ta sake shafawa.

Ta danna da babban yatsa, daidai wurin, ba ta ko yi lalube ba.



Ta sauke hannunta.

"Babu."

"Inna, goge shi aka yi. Wuta ce ta ƙona ni, likita ya..."

"Wuta ta ci dama, na ji tabonta. Hagu fa? Ita ma wutar ce?"

"A'a. Ni na ce a goge."

"Ɗan gidan nan ba zai ce a goge ubansa daga fuskarsa ba."

Maganar ta dake shi har sai da ya dafa ƙasa.

"Ban san idonki ya tafi ba, Inna. Wallahi da na sani da na zo miki da ƙunar yadda take. So nake ki kalle ni kada ki tsorata."

"Kowa ma zai iya faɗar haka."

"To jar saniyarmu da ta faɗa rijiyar bayan gari, wa ya shiga ya ɗaura mata igiya? Ranar da Baba ya dake ni a kan gyaɗar Malam Daudu, wa ta turo mini fura ta hannun Goggo ta ce kada a ce ita ce?"

Goggo Tasalla ta toshe baki da gefen zane.

Inna Dela ko gezau.

"Soja suna kwana wuri ɗaya, suna ba juna labarin gida. Ka ji a bakinsa."

Ya yi sauri ya naɗe ƙafar wandonsa.

"Ga tabon lauje a ƙwaurina. Ke kika ɗaure shi da kanki. Kawo hannunki ki ji."

Ya kamo hannunta. Ta fizge da wani ƙarfi da ba wanda ya zaci tana da shi.

"Duk ɗan ƙauye yana da tabon lauje."

"Ki taɓa dai, Inna."

"Ba zan taɓa ba."

Sama'ilu ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya daga bakin ƙofa.

"To shi ke nan. Inna, ki faɗa masa da bakinki Halliru ya rasu, kowa ya huta."

Ta laluba carbinta.

"Wancan ya daɗe a ƙasa."

"Wa?" in ji Goggo Tasalla.

"Kin ji ni ai."

"Ban ji ba. Wa ya daɗe a ƙasa?"

"Yaron nan. Naki."

Goggo Tasalla ta miƙe tsaye a hankali, tana kallon matar ƙaninta kamar yau ta fara ganinta.

Ku da kuka tashi a birni bari in tuna muku. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Kunya ce, ba ta kiransa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko kuka yake sai dai wata ta ɗauka. Halliru tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba.

"Dela," in ji Goggo. "Ranar da aka kawo akwatin nan, a tsakar gida kika faɗi kina kiran sunansa har maƙwabta suka ji. Kika ce wanda ya mutu ba a jin kunyarsa. Tun daga ranar kullum sai kin kira shi, in kin yi salla, in kin ba da sadaka. Ko ranar kasuwar nan da safe na ji ki. Amma tun da baƙon nan ya yi sallama ban sake ji ba. Yau kuma sunan ne ya yi miki nauyi?"

Goggo ta matso kusa da ita.

"Kunyar wa kike ji, Dela? Ta wanda yake ƙasa?"

Carbin ya suɓuce ya faɗi.

"Ku fita," in ji Inna.

"Inna..." Sama'ilu ya fara.

"Na ce ku fita, ku ja mini ƙofa. Zan sallami baƙo."

Suka fita. Ɗakin ya rage haske sai ɗan abin da ke shigowa ta taga.

Inna ta matso kusa da shi. Sannan ta miƙo hannu, ba fuskarsa ta nema ba, ƙwaurin ta kama. Ta ɗora tafinta a kan tabon ta bar shi a nan. Hawaye suka fara bin kumatunta ba sauti.

"Ka rame," ta ce.

Halliru ya kifa kai a kan buzun ya fashe da kuka, irin kukan babban mutum da ya daɗe yana tara shi.

"Yi a hankali, za su ji."

"Kin gane ni, Inna."

"Tun kana zaure. Tarinka na ji da asuba, na ce wannan ƙirjin ni na haife shi."

"To don me? Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. Ni na yi."

Ta share fuska da bayan hannu.

"Labulen da ka wuce, ka san wa ke ciki?"

Ba ta jira ya amsa ba.

"Mairo ce. Matar Sama'ilu ce yanzu. 'Ya'yansu biyu, ga na goye."

Ya ɗago kai. 

"Ta yi maka takaba cikakkiya, ba ta rage ko yini ba. Iyayenta suka zo daga Gwiwa za su tafi da ita. Na riƙe zanenta na ce a bar mini, ita kaɗai ta rage mini a cikin abin da ka taɓa. Yarinyar ba ta so, shi ma yaron ba ya so, kunyarka yake ji. Ni na matsa. Ni na sa aka ɗaura."

"Inna..."

"Bari in gama. In na fita na ce kai ne, gobe garin nan za a ce aure aka ɗaura a kan aure. Ko alƙali ya wanke su, bakin mutane ba zai wanke su ba. Yaran nan da sunan za su tashi, a rijiya, a makaranta, har ranar aurensu. Ƙaninka kuma na san shi, ba zai iya zama gari ɗaya da kai ba. Zai shiga duniya, in sake rasa wani."

"Ni fa? Ni ba ɗanki ba ne?"

"Kai na riga na yi kukanka."

Jama'a, nan na ajiye rubutun na fita na sha iska. Ban ga laifin tsohuwar nan ba, ban kuma ga na Halliru ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Da ka zo da billenka," ta ci gaba, "da ba ni da ta cewa. Duk wanda ya gan ka ya ga ubanka. Da na shafa na ji babu, sai na ce Allah ne ya rufa wa gidan nan asiri da hannun likitan nan."

"Shekara da shekaru ina zaune ni kaɗai a bakin ƙofar wani, Inna. Ba mai tambayata na ci ko ban ci ba. Sallah ta zo ta wuce ba wanda zan ce wa barka. Abin da ya riƙe ni ke nan, wata rana zan dawo gida."

"Na sani."

"Ba gona nake so ba. Ba ɗaki nake so ba. Ki ce ni ne kawai, sau ɗaya, a gaban mutane."

Ta lalubo fuskarsa ta riƙe da hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana jariri.

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙonka. Ka tafi a baƙonka."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Kafin su motsa Sama'ilu ya turo. Idanunsa sun yi ja, hularsa a hannu. Bayansa Goggo Tasalla, bayanta dattawa biyu da Dagaci ya aiko su ji hukunci. Inna ta yi sauri ta janye hannunta.

"Inna, mutane suna jira," in ji Sama'ilu. "Don girman Allah ki faɗa. Shi ne ko ba shi ba ne?"

Leɓɓanta suka motsa. Ta buɗe baki ta rufe. Ƙaryar da ta iya yi ɗazu yanzu ta ƙi fitowa.

Halliru ya kalle ta. Ya kalli ƙaninsa, ya ga yaron nan mai tsoron akuya yana nan a cikin gemun.

Ya saki ƙafar wandonsa ta rufe tabon. Ya miƙe.

"Ku daina wahalar da tsohuwa," ya ce, kansa a sunkuye. "Ba ni ba ne. Tare muka yi soja da shi, a bakinsa na ji labarin gidan nan. Ba ni da kowa ne, na yi kwaɗayin dangi. Ku yafe mini. Gobe zan tafi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ja tsaki ya ce, "Ka ji ba. Dama na faɗa."

Goggo Tasalla ta jingina da bango ta sulale ƙasa.

Inna Dela ta juya fuskarta ga bango.

Ya ɗauki takalmansa a hannu ya ratsa su ya fito tsakar gida. Bai ɗaga kai ba. Ƙasa kawai yake kallo, yana jan ƙafar hagu.

Sai ya ga ƙafafu a gabansa. Ƙafafun mace, sun tare hanyar zaure.

Jariri ya yi ɗan kuka a bayanta, ta jijjiga shi.

"Na ji abin da ka faɗa musu," in ji Mairo.

Ta ƙara matsowa.

"In ba kai ba ne, ɗago ka kalle ni ka sake faɗa."